Mai Tsumma da Tsohuwar Rijiya

A garejin ba wanda yake kiransa da sunansa. Mai Tsumma suke ce masa, saboda jakar buhu da yake ratayawa a kafaɗa, cike da jajayen tsummokin da matarsa take yaga masa daga tsofaffin zannuwa. Shekara goma sha tara ke nan yana tuƙa injin niƙa daji. Kafin nan ya yi saran itace da gatari, ya yi tuƙin tarakta, kuma babu aikin da ya bari don kansa sai dai aikin ya bar shi.

Injin ba wani babba ba ne, bai kai motar yashi ba. A kan sarƙa yake tafiya, a gabansa akwai wata gangar ƙarfe mai haƙora. In gangar ta fara juyawa, duk abin da ta taɓa, ƙaya ce ko kututture ko itace mai kaurin cinya, sai ta mayar da shi diddiga ta shimfiɗa a ƙasa. Ba a ƙona komai, ba a kwashe komai. Diddigar ta rufe ƙasa ta riƙe danshi, bayan damina ɗaya ta ruɓe ta zama taki. Gonar da daji ya cinye shekara ashirin sai ta dawo fili cikin 'yan kwanaki.

Aikin ya ci rabonsa a jikin Mai Tsumma. Kunnensa na hagu ya mutu saboda ƙara. Gwiwoyinsa kuwa da safe sai ya lallashe su kafin su yarda su ɗauke shi. A kumatunsa akwai tabo tun daga gefen ido har haɓa. A shekararsa ta biyu ne gangar ta kama wata tsohuwar waya mai ƙaya da ke kwance cikin ciyawa, ta naɗe ta, ta wulwulo ta, ta fasa gilashi ta same shi a fuska. Tun daga ranar bai sake tayar da inji a gonar da bai taka da ƙafarsa ba. Yakan shiga da adda da wani rodi na ƙarfe, yana sokawa a ƙasa kamar makaho, duk inda ya sami abin da inji bai kamata ya ci ba sai ya ɗaura jan tsumma.

Wannan takawar ce ta ishi maigidansa, mai injin, wanda a haife bai wuce ɗansa na fari ba.

Ranar Asabar maigidan ya same shi a gareji yana ɗura wa gangar giris.

"Baba, akwai wata gona a bayan tsauni. Na ce wa mai gonar ranar Laraba an gama. Alhamis injin yana da wani aikin."

"Sai na taka ta tukuna."

"Kullum sai ka taka! Inji na saya, Baba, ba sandar jagora ba. Ka ji ni da kyau, in ma da mataccen kunnen kake ji. In Laraba ta yi ba ka gama ba, ƙanin matata zai karɓi makulli. Shi ba ya yawon shan iska cikin ƙaya."

Mai Tsumma ya goge hannunsa ya ci gaba da giris. Ya san mutum mai shekara hamsin da takwas da kunne ɗaya in ya sauka daga inji ba wani injin da zai sake hawa.

Mai gonar wata tsohuwar malamar asibiti ce da ta ajiye aiki. Gonar ta mahaifinta ce, kuma tun rasuwarsa shekara ashirin da biyu ba wanda ya sa mata fartanya. 'Yan'uwanta duk sun watsu birane. Ranar Litinin da safe ta tsaya a bakin hanya da lemarta tana kallon sarƙaƙƙiyar da ta fi tsayin mutum biyu.

"Malam, a nan muka tashi fa. Yanzu ko ƙofar shiga ban gani ba."

"Hajiya, me mahaifinku ya bari a ciki? Ƙarfe, shinge, rami?"

"Akwai rijiya. Ni nake riƙe masa guga ina yarinya."

"A ina take?"

Ta nuna gabas, ta sauke hannu, ta nuna arewa. Ta yi dariyar kunya. "Kusa da wani babban itace. Amma ai duk sun zama manya."

Da ya kira maigidan a waya ya faɗa masa, sai maigidan ya ce rijiyar shekara ashirin ai ƙasa ta riga ta cike ta, ya hau inji kawai. Mai Tsumma ya kashe wayar ya ɗauki rodi.

Yinin Litinin duk a ƙafa ya yi shi. Da farko ya sami layin shinge, kuma ba don ya ga shingen ba. Itatuwa ya gani guda goma sha wani abu, tsara ɗaya, a jere kamar an ja musu igiya. Daji ba ya jera itatuwa haka. Tsuntsaye ne suka riƙa zama a kan waya suna zubar da iri a ƙarƙashinta, itatuwan suka girma suka haɗiye wayar a cikin jikinsu. Ya sare ɓawon ɗaya da adda, ga wayar nan a ciki ta yi tsatsa. Ya ɗaura tsumma a kowanne. Ya sami bakin garma, ya sami gindin wani tsohon amalanke da gara ta cinye katakonsa ta bar ƙarfen. Rijiya kuwa bai gan ta ba.

Da yamma ya koma gida yana jan ƙafar dama. Matarsa ta ɗora ruwan zafi, ta zauna a ƙasa tana gasa masa gwiwa da tawul.

"Malam, wai wannan rijiyar gadonka ce?"

"In injin ya faɗa, ni ne a ciki."

"In aka karɓi makulli kuma, ni ce a ciki, don a kaina za ka yini kana gyara mini abin da bai lalace ba." Ta matse tawul ɗin. "Jajayen zannuwana sun ƙare fa. Saura na fitar unguwa."

"Shi ma ai ya tsufa."

"Kai ma ka tsufa, an yaga ka?"

Ya yi murmushi, ya jingina da bango, barci ya kwashe shi kafin ruwan ya huce.

Talata ya hau inji ya niƙa duk inda ƙafarsa ta taka. Yakan shiga a hankali, ya ɗaga gangar ya ci itacen daga sama, ya sauke ta har tushe, sannan ya ja da baya ya sake bi ta kai don diddigar ta yi laushi. Layin shingen ya kewaye shi, ya bar shi sai an sare da hannu. Kafin la'asar kashi biyu cikin uku ya zama fili mai ƙamshin ɗanyen itace. Hajiya tana tafe a kai tana tsintar fasassun tukwane tana cewa nan ne ɗakin girki. Sauran kashin yana tsaye, duhu, kuma a cikinsa rijiyar take. Da ya so, da zuwa azahar ɗin Laraba ya cinye shi. Ya daɗe a kan kujera injin yana ruri a ƙarƙashinsa, yana kallon wani lungu shimfiɗaɗɗe da ya ratsa tsakiyar kurmin, ba kututture, ba tudu, kamar an yi shi don inji. Sai ya murɗa makulli ya kashe.

Laraba tun da sassafe yana ciki da rodi. Taki ɗaya, suka ɗaya. Ƙaya ta yaga masa riga, cinnaku suka hau masa wando, gwiwar dama ta kumbura har ba ta lanƙwasawa. Wajen hantsi ya lura da wani ɓaure a gefen lungun nan. Duk itatuwan wurin ganyensu ya yi ƙura ya yamutse, shi kuwa kore shar, kuma saiwoyinsa duk gefe ɗaya suka nufa. Ya bi saiwar. Ƙasa ce lafiyayya a ido, ganye da yaɗo sun rufe ta. Ya ɗaga rodi ya soka da ƙarfin da ya saba.

Rodin ya wuce. Ya suɓuce daga hannunsa kamar an fizge shi daga ƙasa. Mai Tsumma ya tsaya da hannu a buɗe. Sai da ya ja numfashi ya sauke sannan ya ji ƙarar ruwa can ƙasa.

Ya ja da baya da rarrafe. Da adda ya yaye yaɗon, sai ga tsohon kwanon rufi da tsatsa ta mayar kamar takarda, a kan katakon da ya ruɓe. Bakin rijiyar ya fi faɗin injin. Ya kafa sanduna kewaye da ita, ya ƙarar da duk tsumman da ke jakarsa.

Bayan azahar maigidan ya iso da ƙanin matarsa, wani ƙaƙƙarfan mutum mai sabon takalmi. Maigidan ya dubi kurmin da ke tsaye, ya dubi injin da ko ɗumi bai yi ba, ya miƙa hannu. Mai Tsumma ya zaro makulli ya sa masa a tafi.

"Kafin ka hau," ya ce wa sabon direban, "ta ina za ka shiga?"

Mutumin ya nuna lungun. "Ta nan mana. Ko yaro ya san nan ne hanya."

"To zo."

Ya wuce gaba yana ɗingishi, suna biye. A bakin tsummokin ya tsinci dutse kamar dunƙulen hannu, ya miƙa wa maigidan, ya nuna masa hudar da rodin ya yi. Maigidan ya saki dutsen. Su uku suka tsaya suna jira. Da ƙarar ta zo, sabon direban ya ja da baya taki biyu yana salati.

Maigidan ya wuce gaba har suka fito fili. Ya koma gefe ya yi waya, ana jin yana cewa Alhamis ba za ta yiwu ba. Da zai shiga mota sai ya ajiye makullin a kan sarƙar injin.

"Juma'a, Baba. Kada ta wuce Juma'a."

Juma'a ya gama. Hajiya ta sa aka ɗauko mata kujera ta zauna ƙarƙashin ɓauren tana kallon masu yasar rijiya. Ta aiko masa da rodinsa bayan mako biyu, ya lanƙwashe, ba ya soka ƙasa kuma.

Ya sa mai walda ya yanka masa sabo. Ya fi tsohon nauyi, kuma bai goge ba tukuna, yana cin tafin hannu. Matarsa ta yaga zanin fitar unguwa tana mita. Litinin da safe yana ɗaure injin a kan tirela sai ga maigidan.

"Baba, wannan gonar ƙarama ce. Kwana biyu na ce musu."

Mai Tsumma ya juya masa kunnen hagu, ya jefa rodin da jakar cikin mota, ya dafa gwiwa ya hau.