Sawun Kambas a Fangalin Albasa

Kambas ɗina na asali ne, fari fat, direban da ke kai albasarmu Legas ya kawo mini. Ƙanena ya gani ya ƙyasa, ya tafi kasuwar Jega ya sayo jabunsa. Daga nesa ba ka raba su. Amma nawa fata ne an ɗinke, nasa roba ce da gam, in rana ta buge shi sai wari. Ƙasan nawa zobe ne cikin zobe, nasa layi-layi kawai. Tsiyar da na yi masa a kan takalmin nan, har gaban 'yan mata, Allah kaɗai ya sani. Shi ko sai dariya. Shi ke ma wanke mini nawa.

Wata shekara irin albasata ya lalace tun kafin dashe. Wata Juma'a, mutane duk suna masallaci, na shiga garkar wani maƙwabcinmu a Giwa Tazo na tuge masa iri fangali biyu. Ba wani kwana-kwana, sata na yi. Kuma don tsabar wauta da kambas ɗin na shiga laka. Na goge samansa, na manta da ƙasan.

Da la'asar 'ya'yan mai garka suka ga sawun, wani kuma ya ce ya hango mai farin takalmi. Suka yi kiciɓis da ƙanena yana dawowa daga Maiyama. Ba tambaya, ba komai. Babbansu ya sauke masa ƙotar fartanya a kafaɗa, ɗayan ya shaƙe shi ya maka da ƙasa. Suka yi ta tattaka shi, baki ya fashe, jini ya jiƙa farin takalmin. Ina tsaye cikin taron. Wallahi magana ɗaya ta isa: a juya takalminsa a gwada da sawun. Na san zobba ne a lakar nan. Amma in an juya nasa, nawa ne na gaba. Na ja bakina na yi shiru, matsoracin banza. Sai da na ji ƙashin hannunsa ya yi ƙas kamar karan dawa, sannan malamin makarantar allo ya kutsa da sandarsa ya raba.

Ni na ɗauke shi a mashin zuwa wurin mai ɗori a Aliero. Ina tuƙi ina zagin mutanen nan ta uwa ta uba, ina rantsuwa sai na ƙona musu rumbu. Da muka kusa gari ƙanena ya jingina kansa a bayana.

"Yaya, tsaya ka kankare lakar da ke ƙasan naka, kar wani ya gani."

Hannun ya ɗoru a karkace. Har yau ba ya iya ɗaga buhun albasa, ni nake ɗaukar masa, kuma kullum sai ya ce mini sannu.