Jegona Tsakanin Kunun Kanwa da Yoga

Na haifi ɗana na fari a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Gumel ke sa kaji su saki baki su lafe a gindin randa. A Gagarawa muke zaune da maigidana, ina koyarwa a wata firamare, amma da ciki ya tsufa sai aka mayar da ni gidanmu wanka, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Mahaifiyata ta rasu tun ina sakandare, don haka aka ɗauko ƙanwar babana daga Sule Tankarkar ta zo ta kula da ni.

Gwaggo mace ce da ba ta taɓa shakkar kanta ba. Masu jegon da ta wanke ba su ƙirguwa. Wadda ta rayu a cikinsu, hannun Gwaggo ne. Wadda ta mutu, kwananta ne ya ƙare. Safe da yamma take tafasa ruwa a garwa, ta tsoma ganyen darbejiya ta yi ta fyaɗa mini har fatata ta yi jawur. In na yi ƙara sai ta ce, "Raki! Uwarki ko uffan ba ta taɓa cewa ba." Uwata kuwa ba ta nan balle ta ƙaryata ta. Daga wanka sai kunun kanwa, kwano cike, da kanwar da ta sa aka sayo mata takanas daga kasuwar Maigatari, wai ta Gumel ba ta da ƙarfi.

Kwana biyu bayan suna ƙanwar maigidana ta iso daga Abuja, inda ta yi bautar ƙasa ta ƙi dawowa. Ba ta taɓa aure ba, ba ta taɓa riƙe jariri na awa guda ba, amma ta san komai game da haihuwa, domin ta gani a waya. Jaririn kallo ɗaya ta yi masa. Cikina ta tsura wa ido.

"Anti, wannan tumbin in kika bar shi ya kai arba'in, ya zauna ke nan. Yaya ma ya yi mini maganar."

Ta kwance kayanta a tsakar ɗaki: wata tabarmar roba shuɗiya, da ɗamara mai ƙugiyoyi, da kwalin shayin da take sayarwa, wai na rage ƙiba. Ta ce daga yau ba tuwo, ba romon ƙauri, sai kokwamba da latas, sannan kullum za mu riƙa yin yoga.

Gwaggo ta leƙo daga bakin ƙofa. "Za ku riƙa yin me?"

"Yoga, Hajiya. Motsa jiki ne."

"Yaga? Wadda haihuwa ta riga ta yaga, me kuma ya rage za ki yaga?"

Daga ranar suka raba ni kamar gonar gado. Safiya da yamma na Gwaggo ne, hantsi zuwa azahar na 'yar Abuja. Ɗaya ta dafa ni, ɗaya ta lanƙwasa ni. Gwaggo ta ɗura mini kunu, waccan ta bi da shayi mai ɗaci don ta wanke kunun. Takan sa in durƙusa a kan tabarmar, in gantsare, in ja numfashi, ita kuma tana gefe tana ɗaukar hotona. Daga baya na gane hoton tallar shayinta take nema, na mace mai tumbi, kafin a nuna ta ta zama siririya. Ni kuma kunya ta hana ni musa wa kowa. Wannan ƙanwar uba, waccan dangin miji. Har yau ina jin haushin kaina a kan wannan kunyar ta banza.

A cikin mako na uku takalmana suka daina shiga. In na kwanta sai numfashi ya gagare ni, dole in jingina da bango. Na faɗa wa Gwaggo, ta ce sanyi ne ya shige ni saboda birgimar da nake yi a ƙasa, ta ƙara kanwa. Na faɗa wa ɗayar, ta tafa hannu ta ce, "Alhamdu lillahi, gubar ce take fita!" Babu wadda ta sunkuya ta dubi ƙafar.

Akwai wata dattijuwar Bafulatana da ke kawo mana nono daga rugarsu duk hantsi. Ran nan ta shigo ta same ni durƙushe a kan tabarmar, na kasa tashi, ina haki kamar wadda ta yi gudu. Ta sauke ƙwaryarta, ta kama ni ta zaunar, ta danna babban yatsanta a ƙwaurina. Da ta ɗaga, ramin ya tsaya bai ciko ba.

"Wannan ba jego ba ne," in ji ta. "Ruwa ne. Haka ya yi wa 'yar ƙanena, kafin a kai ta gari ta cika."

Gwaggo ta fara, "Ke kuma mai nono, wa ya..."

Matar ba ta ko waiwaye ta ba. Ta wuce zaure inda babana ke zaune, na jiyo ta tana cewa, "Malam, in kana son 'yarka, tashi yanzu."

Babana mutum ne da ba ya shiga sha'anin mata, amma ran nan ko hula bai tsaya sawa ba. Ya tare adaidaita, ya sa aka riƙo ni, sai asibiti. Likita ya auna jinina, ya saurari ƙirjina, ya tambayi abin da nake ci da sha da yadda ake yi mini jego. Da na lissafa masa sai ya ajiye biro ya dube ni. Ya ce zuciyata ce ta gaza, ruwa ya taru a jikina, kuma a dakatar da kanwar, da ruwan zafin, da shayin, da duk wani lanƙwashe-lanƙwashe.

Kwana shida na yi a kwance. Dukkansu biyu sun zo dubiya, kowacce da lokacinta don kada su haɗu. Gwaggo ta shaida wa matan ɗakin cewa 'yar boko ce ta kusa kashe ni. Waccan ta rubuta a waya cewa al'adun ƙauye na hallaka mata, mutane suka yi ta yaba mata. Kowacce ta ɗauki rabin maganar likita, rabin da bai shafe ta ba. Wadda ta ce in yi haƙuri a cikinsu, ban gan ta ba.

Maigidana ma ya zo ranar da za a sallame ni. Magani ya riga ya janye ruwan, na zabge, idanuna sun faɗa. Ya ƙare mini kallo, ya yi murmushi, ya ce, "Kai, amma fa kin yi kyau."

Na miƙa masa takardar magani.

Sauran kwanakin arba'in ɗin babana ne ya yi mini jinya, abin da ya zama abin surutu a unguwa. Shi ke tsayawa a kan a sirka ruwan wanka, shi ke ƙirga mini ƙwayoyi bayan sallar asuba. Da la'asar yakan sa in taka a hankali daga ɗaki zuwa zaure in dawo, yana biye da ni da jikansa a kafaɗa. Ranar da na yi sahu goma ban tsaya hutawa ba, ya aika aka sayo balangu, muka zauna a inuwar zaure muka cinye mu biyu.