Shekarar da Ƙafafuna Suka Daina Jin Ƙasa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ban ce komai ba a nan. Jiya wani maƙwabcina ya yi mini kukan zafin tafin ƙafa, shi ya sa zan ba da labarin da ko 'ya'yana ba duka suka sani ba.

Ni ɗan Roni ne, amma a Kazaure na yi sana'ar ɗinki. Lokacin da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa, kowane ma'aikaci sai ya ɗinka sabuwar riga. Keken ƙafa nake takawa tun safe har magariba.

Sai tarin fuka ya kama ni. Aka ɗora ni kan magani na tsawon watanni, tari ya lafa, na koma shago.

Daga nan yatsun ƙafa suka fara yi mini kamar kiyashi na yawo a ciki. Tafin ƙafa ya riƙa zafi kamar an shafa barkono, wani lokaci ya tsira kamar allura. Bayan nan sai ji ya fara ɗaukewa. Ina taka keke ban san na taka ba. Takalmi ya taɓa fita daga ƙafata a kasuwa, sai da wani ya biyo ni da shi.

Abu ɗaya ne ya zo mini a rai: kuturta. A zamanin, in aka ce kana da ita, babu mai sake kawo maka yadi. Sai na ɓoye abin.

Wata safiya uwargidana tana hura wuta, na taka garwashi ina tsaye ina magana. Ita ta ji ƙauri.

Ta ce, "Malam, ɗaga ƙafarka."

Ta wanke ƙunar. Da ta gama ta ce, "Ko mene ne, a gidan nan za mu yi jinyarsa. Amma gobe sai asibiti."

Muka sayar da rago muka hau motar Kano.

Likita ya duba fatata kaf, ya sa na rufe ido, yana taɓa ni da auduga da allura. Daga idon sawu zuwa ƙasa ban ji komai ba. Aka auna jini da fitsari, babu ciwon suga. Sai ya tambayi magungunan da nake sha.

Ya ce, "Ba kuturta ba ce. Ɗaya daga cikin magungunan tarin ne yake rage wani sinadari da jijiyoyi ke buƙata. Kada ka daina shan sa, zan ƙara maka wata ƙwaya."

Sauƙin bai zo da wuri ba. Zafin ne ya fara raguwa, sannan ji ya riƙa dawowa kaɗan-kaɗan. Ranar da na ji sanyin ruwan alwala a tsakanin yatsuna, na daɗe zaune da buta a hannu. Har yau babban yatsan hagu bai dawo daidai ba.

Na gode wa Allah. Uwargidana ta rasu, Allah Ya jiƙanta, ku sa ta a addu'a.

Mai jin irin wannan zafin ko mutuwar ƙafa da hannu, a auna masa suga, ya faɗa wa likita duk maganin da yake sha. Ya riƙa duba tafin ƙafarsa kullum, ya daina yawo ba takalmi. Kuma kada ya yi jinyar tsoro shi kaɗai, ya faɗa wa mutum ɗaya a gidansu yau.