Karnuka Uku a Hoshin da Babu Tumaki

Cikin shekarun da na yi ina aikin muraƙib a baladiyya, wato hukumar birnin Makka, ranar da har gobe ba ta fita raina ita ce wadda aka tura ni unguwar Ka'akiyya duba karnukan Baba Idrisu. Alhazai ba su daɗe da saukowa daga Mina ba, gari duk a gajiye.

Ga wanda bai san aikin ba, muraƙib shi ne mai zuwa ya gani da ido, ya rubuta. A sashenmu, mai kiwo ana barinsa da kare ɗaya a cikin unguwa. In zai ƙara sai da tasrihi, wato izini a rubuce, kuma ba a bayarwa sai muraƙib ya ga dabbobin da ake gadi. In babu su, a kwashe karnukan da suka ƙaru.

Baba Idrisu dattijo ne Bahaushe da ya shigo ta Chadi tun yana saurayi, sana'arsa sayar da tumaki. Hoshinsa, fili ne kewaye da katanga, yana bayan gidansa a gindin dutse. Karnukansa uku, uwa da 'ya'yanta. Wani sabon maƙwabci ya kai ƙarar haushi, shi ne tsohon ya nemi tasrihi, aka sa mini rana.

Ina shiga hoshin na tarar da shi wayam. Ko tunkiya ɗaya babu, sai kwanonin ruwa da karnuka kwance a inuwa suna haki.

"Baba, ina dabbobin?"

"Ya waladi, wa ke kwana da rago bayan Hajji? An yanka su kaf. Sabon kaya sai Muharram."

Na san gaskiya ya faɗa, amma ni ido aka aiko, ba kunne ba. Na kuma san in aka kwashe 'ya'yan nan biyu, karnukan dutse marasa mai su za su riƙa shigo masa garke, tsohuwar uwar ba ta iya tare su. Sana'ar ta tashi ke nan.

Haruna, ƙanen matarsa, ya ja ni gefe. "Abu Hafsa, kai namu ne. Je ka sha shayi a bakin titi. Ina da awaki, maƙwabta ma suna da su, mu koro su nan, ka dawo ka gani da idonka, halas."

Ashe tsohon ya ji. Ya ce, "Haruna, a garin nan zan yi ƙarya saboda kare? Bar yaro ya rubuta abin da ya gani." Ya juya yana kallon karnukan. Wallahi na ji tausayinsa har cikin raina, na kuma ji haushin aikina.

Na rubuta hoshi babu dabba, na ƙara da bayanin da ya yi mini, na kai wa mudir, wato shugaban sashenmu. Mudirinmu mutum ne da ba a ganin haƙoransa sai in yana asuwaki. Ya karanta, ya cire tabarau.

"Ya Abu Hafsa, wa ya sa wannan ranar?"

"Na'ura ce, ya mudir. Bi da bi take rabawa."

"Na'ura ba ta layya," in ji shi. "A makon nan ko mai raguna dubu ka je wa, iska za ka tarar. Ɗage shi zuwa Muharram, kada a taɓa masa kare."

Sai da na fito baranda na sauke ajiyar zuciya. Ban jira waya ba, na tuƙa mota har Ka'akiyya na gaya wa Baba Idrisu da bakina. Ya ɗaga hannu sama kawai yana gode wa Allah, Haruna kuwa ya hau murna kamar shi ya shirya.

Da Muharram na koma, da ƙyar na samu wurin sa ƙafa don tumaki. Haushin ma ya ragu, ashe zaman banza ne ya dame su. Na sa hannu a tasrihi.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, kafin ku ƙwanƙwasa ƙofar mutum ku duba watan da ake ciki, don kowace sana'a a Makka da Hajji take cika, da shi take ramewa. Kuma ku rubuta abin da kuka gani. Da na sha shayin nan, da tsohon ya samu izininsa, amma da bai ƙara iya kallon idona a masallaci ba.