Gwaggo Orpha da Dutse na Bakwai

"To, sake karanta mini, tunda kai ne mai ilimin cikinmu," in ji Gwaggo Orpha, tana goge burushi a bakin gwangwanin fenti.

"Ai sau uku ke nan ina karanta miki."

"Duk ukun bakinka cike yake da kek ɗina. Ban ji komai ba sai tauna."

Alvah Kittredge ya haɗiye lomarsa, ya goge yatsu a wando, ya sake buɗe takardar. Kwafi ne da ya ciro daga tsohon kundin garinsu, Thorley, rubutun mutanen da suka fara yanka iyaka tsakaninsu da garinmu, Ashcott. Ya karanta a hankali: dutse na bakwai yana sanda takwas arewa da inda rafi ya rabu biyu, an sassaƙa masa A a gefe ɗaya, T a ɗayan.

"Dutsen naki kuwa, Orpha, ko ƙwarzane babu a jikinsa," in ji shi. "Fenti ne a kan fenti. Kuma yana can saman tudu, inda ko ƙarar rafin ba a ji."

"Babana ya shafa wa dutsen nan fenti sau huɗu. Ni sau biyar."

"Sau tara ke nan kuna ɓarnar fenti."

Muna zaune ne a kan katangar duwatsu kusa da dutse na shida, rana tsaka, cikin watan Nuwamba. Ganye ya gama zuba, dusar ƙanƙara ba ta sauko ba tukuna. Dukanmu uku da jar hula don kar mafarauta su ɗauke mu dabbobi. Dokar jiharmu ta New Hampshire ta ce duk shekara bakwai wakilan garuruwa maƙwabta su taka iyakarsu da ƙafa, su ga kowane dutse da idonsu, su sabunta alamarsa, su sa hannu a takarda. Alvah ne wakilin Thorley. Ni, Silas Brackley, ni ne na Ashcott, don a taron gari babu wanda ya so aikin, aka waiwayo kaina. Gwaggo Orpha ba ta riƙe da muƙamin komai. Babbar yayar mahaifina ce, shekararta saba'in da bakwai, kuma tun tana 'yar sha huɗu take ɗauke wa kakana Warren gwangwanin fenti. Ba a taɓa taka iyakar nan babu ita ba tun daga lokacin.

Abin da ya sa gardamar ta wuce wasa shi ne maƙabartar gidanmu. Tana kwance tsakanin tudun da rafin. In dutsen saman tudu ne na gaskiya, maƙabartar ta Ashcott ce, kamar yadda muka taso muka sani. In kuwa maganar Alvah ce daidai, to kaburbura talatin da ɗaya suna cikin Thorley, har da gurbin da Gwaggo ta zaɓar wa kanta kusa da mahaifinta. Ta riga ta kafa dutsenta a wurin, da sunanta da shekarar haihuwarta, an bar fili a ƙasa.

Wanda bai san ta ba zai ce mene ne abin damuwa, ƙasa ai ƙasa ce. Amma Gwaggo tana iya jero maka kakanninmu kamar mai ƙirga tumakinta da yamma. Daga Eleazar take farawa, manomi mai gonar kansa a Ingila, wanda ta ce ba ya cire wa kowa hula don girmamawa sai Allah. Shi ya haye teku da mata da 'ya'ya shida da tukunyar ƙarfe da Littafi Mai Tsarki, saboda ya ƙi yin sujada yadda manyan coci suka ce a yi. Sai ta gangaro zuwa Jotham, wanda ya hauro tsaunukan nan da shanun noma biyu ya sare daji. A zamaninsa aka yi rigimar inda za a gina majami'a. Mutanen arewa suka ce ta yi musu nisa, suka ɓalle, suka gina tasu, suka sa wa yankinsu suna Thorley. Gonar Jotham tana bakin iyaka. Majami'ar Thorley mil ɗaya ce daga ƙofarsa, ta Ashcott mil biyar, kuma biyar ɗin ya dinga takawa kowace Lahadi har ƙafa ta ƙi. Gwaggo ma biyar ɗin take yi a tsohuwar motarta. Tana da ƙawaye a Thorley, tana zuwa jana'izarsu, tana kai musu miya in ba su da lafiya, amma ba ta taɓa kwana a garin ba.

Ba ta yi aure ba. Ta yi jinyar mahaifinta shekara goma sha ɗaya, ta riƙe gonar da tumaki ashirin da kaji. Ba ta yar da igiya komai gajartarta. Ran Asabar wake take gasawa, ko da ita kaɗai ce a gidan. Ban taɓa jin ta ce wa wani tana ƙaunarsa ba. Amma shekarar da mahaifiyata ta kwanta ciwo, kowace safiya ta hunturu sai mu tashi mu tarar an hura murhu, an ajiye ƙwai shida a kan tebur, ga sawun takalminta a kan ƙanƙara ya koma ta gona.

Ta rufe gwangwanin, ta miƙe da taimakon sandarta.

"Tashi, tsoho, mu je ka nuna mini dutsen naka."

"Tsoho? Aji ɗaya muka zauna."

"Aji ɗaya, amma kai sau biyu ka zauna shi."

Muka bi katangar muka gangara. Alvah ya zo da sandar ƙarfe mai tsini. Da muka isa inda rafin ya rabu biyu, ya juya arewa ya fara ƙirga taku, biyar da rabi a kowace sandar awo da takardar ta ambata, irin awon mutanen da. A taku na arba'in da huɗu ya tsaya ya shiga sokar ƙasa. Na taya shi. Muka soki nan, muka soki can, muka yaye ganye, muka tono duwatsu uku, babu mai rubutu ko ɗaya. Gwaggo tana zaune a kan kututture, gwangwani a cinya, tana kallonmu.

"Ku ci gaba," in ji ta. "In kun gama zan shuka dankali a wurin."

Mun fi sa'a guda. Daga ƙarshe Alvah ya jingina sandar da itace, ya dafe ƙugunsa. Mutum ne mai sauƙin kai, kuma ina ganin shi ma bai so ya yi nasara sosai ba.

"Shi ke nan, Orpha. Ko ruwa ya tafi da shi, ko wanda ya rubuta takardar ya sha giyar tuffa kafin ya yi awo. Mu hau ki shafa wa naki, zan sa hannu."

Na ji wani nauyi ya sauka daga kafaɗata. Na ɗauki jakata na rataya. Amma Gwaggo ba ta motsa ba. Rafin take kallo.

"Silas, wace shekara aka yi rubutun nan?"

Na karɓi takardar na faɗa mata. Sama da shekara ɗari biyu.

Sai ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Rafin nan ba nan yake rabuwa ba a da."

"Me kika ce?" in ji Alvah.

"Kunnenka ƙalau. Kafin wata babbar guguwa da aka yi ina 'yar shekara bakwai, can yamma yake rabuwa, bayan wancan falalen dutse. Nan nake kai tumaki shan ruwa. Itatuwa suka faɗi suka tare shi, ya canza hanya."

Ta tashi ta nufi wurin. Na bi ta da sauri, na rage murya.

"Gwaggo, ai ya yarda zai sa hannu."

"Na ji shi."

"Babu wanda zai sani."

Ta tsaya ta dube ni ta saman tabarau, ba da fushi ba. "Ni fa, Silas? Ni ba kowa ba ce?"

Bayan falalen dutsen akwai wani kwari busasshe cike da ganye, kuma in ka lura za ka ga inda ya yi reshe biyu. Ta tsaya a tsakiya, ta fuskanci arewa, ta ce in yi ƙirgar, don takunta ya gajarce. Na taka arba'in da huɗu. Na tsaya a gindin wani ruɓaɓɓen kututture, taku kaɗan daga katangar maƙabarta ta kudu. Alvah ya zo da sandarsa, amma bai soka ba. Ita ta karɓe ta daga hannunsa. A suka ta uku ƙarfen ya yi ƙara.

Dutsen yana kwance ne, gansakuka ta rufe shi, saiwa ta naɗe shi. Na yanke saiwar da wuƙa, na kankare. Ga A nan, a sassaƙe da kyau. Ni da Alvah muka sa ƙarfe muka ɗaga shi, muka mayar da gindinsa cikin raminsa, muka danne da duwatsu. A ɗaya gefen ga T.

Gwaggo ta durƙusa da ƙyar, ta buɗe gwangwani, ta bi haruffan biyu da jan fenti. Ta rubuta shekara a ƙasa. Sannan ta miƙa mini burushin, ta buɗe ƙaramar ƙofar ƙarfe, ta shiga maƙabartar ita kaɗai.

Muka tsaya daga waje. Ta wuce kabarin Jotham, ta wuce jerin ƙananan duwatsun jarirai, ta tsaya gaban na kakana. Ta cire wani busasshen ganye da ya maƙale a kansa. Na ga bakinta yana motsi, ban ji abin da ta ce ba. Alvah ya cire jar hularsa yana murza ta.

Da ta fito ya yi gyaran murya.

"Orpha, ban zo don wannan ba. Takarda kawai na gani. In kina so, garuruwan biyu za su iya rubuta wa majalisar jiha a karkata iyakar kaɗan. Zan tsaya miki a taronmu."

"A karkata iyaka saboda tsohuwa ɗaya? Kar ka soma."

"To, ko a nema miki gurbi a bayan majami'arku."

"In bar Baba a cikinku shi kaɗai? Inda suke nan zan kwanta." Ta gyara zaman hularta. "Shekara ɗari biyu suna kwance a Thorley, ban ji wanda ya tashi ya yi ƙorafi ba. Zan gwada."

"Za mu karɓe ki hannu biyu."

"Ba ruwana da hannuwanku. Ciyawa dai ta koma wuyanku, tunda maƙabartarku ce. Sau biyu a shekara, ƙarshen Mayu da tsakiyar Agusta. Kuma da lauje, Alvah. In ka turo mini mai injin yankan ciyawar nan da ke ɓantare duwatsu, zan zo taron garinku in yi magana, ka kuwa san ba na gajartawa."

"Na sani. Da kaina zan zo."

"Da wannan bayan naka? Sai dai mu haƙa na talatin da biyu kafin nawa."

Ya yi dariya har da tari. Ita ba ta yi ba, amma gefen bakinta ya ɗan motsa. Ta juyo gare ni.

"Kai ne mai rubuta rahoto. Ka rubuta cewa Warren Brackley ya nemi dutsen bayan guguwa bai same shi ba, ya ɗauki wanda ya ga yana tsaye. Kuskure ya yi. Ka rubuta kalmar da kyau, kar wani ya karanta ta wani abu daban."

"Zan rubuta haka, Gwaggo."

"Ka rubuta kuma cewa mutanen Thorley sun bi shi sun sa hannu sau tara ba su duba ba."

"Wannan kuma ba dole ba ne ya shiga," in ji Alvah.

"Dole ne."

Na tambaye ta yadda za a yi da dutsen saman tudu, mai fenti tara a jikinsa. Ta ɗaga kai ta dube shi ta tsakanin itatuwa, ja wur a can sama.

"A bar shi. Tumaki suna sosa jiki da shi."

Ta karɓi burushin daga hannuna, ta naɗe shi a tsumma, ta rataya gwangwanin a hannu. Rana ta fara karkata, saura duwatsu huɗu, na takwas kuma yana tsallaken fadama.

"Ku ɗauko ƙarfen nan," in ji ta. "Na takwas ɗin ma Baba ne ya nuna mini shi. Gara mu duba."

Ta sa sandarta gaba, ta bi gefen katangar ta nufi fadamar.