Fayil ɗin Kurakuran Bahijja

An haifi Bahijja a gidanmu na Mandawari a 1976, ita ce ta biyu cikin 'ya'yana huɗu. Shekara talatin na yi ina koyar da lissafi a sakandare, ban taɓa ganin yaron da yake adana takardar da ya faɗi a kanta ba sai ita.

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ta gama difloma, ta kama aiki a wata 'yar makarantar koyon kwamfuta ta Malam Gwadabe, kusa da Ƙofar Mazugal. Da safe ta koya wa 'yan mata buga rubutu, in an tashi da azahar ya bar mata na'urar kusa da taga. A nan ta fara rubuta shirin da zai tsara jadawalin darussa na Islamiyyar da mahaifiyarta, Nana Hauwa, take shugabanta, domin kowane zango sai an yi kwana uku ana ja-in-ja da malamai kafin a daidaita.

Akwai manhajar da ke karanta irin wannan rubutu ta mai da shi abin da na'ura za ta yi aiki da shi, kwamfaila suke ce mata. In ta ga kuskure sai ta zubo ƙorafi a fuskar kwamfuta, na sama ya wuce kafin a karanta, in aka ɗauke wuta kuma duk ya tafi. Sai Bahijja ta koyi karkatar da ƙorafin zuwa cikin fayil. Ranar da na leƙa wurin aikinta ta buga mini:

gcc jadawali.c 2>> kurakurai.txt

Na ce, "Alamar fifiko har biyu a jere? A ajina da kin sha jan biro."

"Baba, ai nan ba ajinka ba ne. Biyu tana ƙara na yau a ƙarƙashin na jiya. Ɗaya kuwa share komai take yi ta fara sabo."

"To me za ki yi da kuskuren jiya?"

"Abin da kake yi da na ɗalibanka mana. Gori."

Ta rasu a daminar 2002, bayan zazzaɓin kwana tara. Da aka yi arba'in mahaifiyarta ta tambaye ni abu ɗaya: ko yarinyar ta gama aikin jadawalin nan? Ban sani ba. Na tafi Ƙofar Mazugal.

Malam Gwadabe ya buɗe mini fayil ɗin. Fiye da shekara biyu ne a ciki, kowace rana da kwanan watanta. Ashe a ƙarƙashin Turancin na'ura tana ƙara nata da Hausa. "Na manta rufe alamar baka a layi na 40, kada Baba ya ji." "Umma ta aiko da ɗanwake, ba zan ci ba sai shirin ya yi." "Na ci." Ban karanta ko kashi ɗaya cikin goma ba na tsallaka ƙarshe. Kuskure uku ne, sai rubutunta: "Na gyara. Kaina na ciwo, gobe na gwada."

Malam Gwadabe ya ce, "Malam, wannan ba shi da kwafi ko'ina. Kada ka taɓa komai, bari in samo faifai in kwafe shi."

Ya fita. Na zauna a kujerarta, amsar da matata take jira tana gabana, layi ɗaya ne tsakaninmu. Na san layin, ko kuwa na ɗauka na san shi. Na buga da yatsa ɗaya. Na'urar ta ɗan yi ƙara, ba ta ce komai ba.

Da ya dawo ya duba, ya daɗe yana kallo.

"Malam, alama nawa ka sa?"

Na duba. Ɗaya ce.

"Shirin ya yi," in ji shi. "Ba kuskure ko ɗaya. Shi ya sa ba abin da aka rubuta a cikin fayil ɗin."

"Na da fa?"

Ya yi ta ƙoƙarin dawo da shi har aka kira la'asar, bai samu komai ba.

A ranar na rubuta layuka huɗun da na tuna a bayan ambulan, na kai gida. Na gaya wa Nana Hauwa cewa Bahijja ta gama aikin. Na kuma gaya mata abin da na yi, ban rage komai ba. Ta karɓi ambulan ɗin, ta karanta, ta ce, "Ashe ta ci ɗanwaken."

Tun daga zangon da ya biyo, da shirin Bahijja ake tsara jadawalin Islamiyyar. Ambulan ɗin yana wurin mahaifiyarta. Ba ta sake tayar da maganar sauran ba, ni ma ban tayar ba.