Gudun da Ba Wanda Ya Biyo Ni

Tari ne ya raba ni da taba, irin wanda ke katse wa liman karatu a sallar asuba har mutane su juyo suna dubana bayan sallama. Ni tela ne a Gummi, kuma tun ina saurayi, da na gama riga sai in zagaya bayan shago in kunna kara ɗaya. Da na bari, abin mamaki, ƙafafuna ba su samu labari ba. Ina yanke zaren ƙarshe sai in gan ni a bayan shago, hannu a aljihu, kamar wanda aka aika ya manta saƙon. Na sha bari da azumi in koma ranar sallah, shi ya sa wannan karon tsoro ya kama ni ƙwarai. Na san in na sake kunna ta, ba ni da sauran bari.

Akwai wani abokina ma'aikacin asibiti da nake yi wa ɗinki. Shi ya ce in fara gudu. Na yi masa dariya, na nuna masa furfurar gemuna, na tambaye shi ko ɓarawo ya ɗauke ni. Ya ce ba tsere zan yi ba. In ɗan sassarfa daga wannan falwayar lantarki zuwa ta gaba, in yi tafiya har numfashi ya dawo, in sake. In na yi yau, gobe tafiya kawai, kowane mako in ƙara kaɗan. Wai sha'awar taba ba ta son zufa. Ban yarda da shi ba, amma ina son in ga abin da ya rage a ƙirjin nan nawa, sai na sayi takalmin kambas na gwanjo.

Ranar farko, ana idar da sallar asuba na tuɓe riga, daga ni sai singileti da wando, na kama hanyar gulbi. Hankalina duk yana kan ƙirjina, don wani ɗan fito nake ji a ciki wanda ban taɓa sanin ina da shi ba. Ban kai falwaya ta gaba ba sai ga wani magidanci ya wuce ni a guje, ba hula. Sai mace da goyo. Sai babur ɗauke da iyali guda. Na ce shi ke nan, an shigo gari, kuma sai yau da na fito rabin tsirara. Na manta da falwaya, na zuba gudu na gaske, har sai da ƙirjina ya ƙi, na zube a gindin wata bishiyar bedi ina shure-shure.

Nan mutane suka taru a kaina suna tambayar abin da na gani. Ni kuma, da na samu bakin magana, na tambaye su abin da suka gani. Wannan ya ce ya ga wancan na gudu, wancan ya ce ya ga mai babur, mai babur ya ce shi dai tela ya gani. Aka bi zancen a hankali har ya dawo kaina, ba kowa a bayana. Wallahi na ji kunya, amma na fi jin mamaki, yadda ni da abokina muka manta da ƙasar da muke ciki. A shekarun nan na 'yan bindiga, babban mutum ba ya gudu a banza, kuma in ka gan shi ba ka tsayawa tambaya, sai ka kai inda za ka kai.

Kafin hantsi mai unguwa ya aiko kirana. Ya wanke ni tas, ya ce har 'yan sa-kai sun fito da makamai, kuma kada ya sake jin na ɗaga ƙafa a unguwarsa. Sannan ya ce in je in ba mai ƙosai haƙuri. Dattijuwa ce da ta baro ƙauyensu can wajen Zugu, ita da jikarta, take suya a kwanar hanyar gulbi. Ina giftawa ta tashi da yarinyar, kaskon mai ya kife mata a ƙafa, kuma sai can cikin fadama aka samo su.

Na same ta zaune an shafa mata magani. Na durƙusa na ce, Inna, ki yafe mini. Ba ta yi faɗa ba, kallona kawai take yi, da alama ita ma abin ya ɗaure mata kai. Ta tambaye ni ko da gaske ba wanda ya biyo ni. Na ce babu, na ba ta labarin taba da tari, na ce ga shi kuma yanzu an hana ni, ban san abin da zan riƙe ba.

Sai ta ce, “Ranar da sunka zaka garinmu, ban ga wanda yat tsaya gaisuwa ba. In za ka yi gudunka, ɗana, ka riƙa gaida mutane.”

Na kai wa mai unguwa wannan shawara. Ya yi ta jan gemu, daga baya ya yarda, aka yi shela a masallaci cewa tela zai riƙa gudun magani da safe, kowa ya kwantar da hankalinsa. Haka na koma hanya ina sassarfa ina gaisuwa. Wanda bai gwada ba ba zai san wuyarta ba. Gaisuwarmu ba ta da gajarta, kuma tsofaffin unguwa da gangan suke ja, sai sun tambayi gida da iyali da gajiyar jiya, ni kuwa ina haki ina amsawa ta kafaɗa. Mai shayi kullum sai ya ɗaga ludayi ya tambaye ni su nawa ne suka biyo ni yau. Dole na rage sauri don magana ta fita, kuma da na kai ƙara wajen abokina sai ya ce ai saurin da yake so ke nan tun farko.

Abubuwa suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya, ina lura da su. Fiton ƙirji ya yi ƙasa. Hancina ya buɗe, na gano ashe gulbi yana da wari nasa, ashe ana iya jin ƙanshin albasar ƙosai tun daga masallaci. Falwayoyin da nake haɗawa kafin in tsaya suka ƙaru. Har ranar hutu hanyar nake bi da tafiya, in gaida mai ƙosai in wuce, in dawo in sake gaishe ta.

Sai ɗinkin sallah ya taso. Kaya suka yi mini yawa, masu kaya suna zarya, wani ya zage ni a gaban mutane a kan wuyan riga. Na kwana biyu ban fita ba, kuma sha'awar ta dawo da ƙarfinta, har ɗanɗanon hayaƙin nake ji a maƙogwaro. Wata safiya na sa riga da silifas, na jefa ashana a aljihu, na nufi mai teburin taba na bakin tasha. Na gaya wa kaina kara ɗaya ne kawai, alhali na san ƙarya nake yi.

Hanyar ta gaban mai ƙosai ta bi. Gari ya waye sosai, amma murhunta ba wuta, ƙullu na rufe a roba. Tana tsaye da takalmi a ƙafa, ta goya jikar nan tata da ta isa tafiya da kanta. Tana ganina ta matso, ta rage murya.

“Mi kaj ji wanda ba a gaya muna ba?”

Na ce ban ji kome ba, Inna, aiki ne ya riƙe ni.

Ta ce, “Ni sai na ga ka tai gulbi ka dawo kana gaisuwa nike sanin hanya lahiya, kana in hura wuta. Da ka daina hitowa, na ce ko wani abu na nan tafe.”

Kwanakin nan duka, ashe, sai rana ta ɗaga take suya, da yarinya a baya, bayan masu saye sun watse. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tuɓe rigar na rataye a katangar da ke bayanta, na kama hanya da silifas ɗina suna fas-fas. Na je har bakin ruwa, na duba gabas da yamma, ba kowa sai masunta da wani Bafulatani yana shayar da shanu. Na dawo ina zufa na ce mata lafiya lau.

Ta kwance goyon, ta gyara itace a murhu, ta lalube gefen zaninta ba ta samu abin da take nema ba. Ta tambaye ni ko ina da ashana. Na sa hannu a aljihun rigar na miƙa mata kwalin, na ce ta riƙe duka.